Alobera: Yadda Ake Dasa Ta da Kula da Ita a Cikin Gida

Darasinmu na yau a kan wata ƙaramar shuka ne wadda ba ta bukatar gona, ba ta bukatar injin ban ruwa, ba ta bukatar takin zamani. Tsohuwar tukunya da ɗan yashi sun ishe ta. Sunanta alobera.

Mun zaɓi wannan shuka ne saboda halin da jama'ar jihar Difa suka sami kansu a ciki. Tun daga watan Fabrairu na 2015, lokacin da aka kai hari a Boso da garin Difa, mutane masu yawa suka bar ƙauyukansu na bakin Komadugu da na tsibiran Tafkin Cadi. Waɗansu suka zauna a gefen babbar hanyar kwalta, waɗansu a Sayam, waɗansu a gidajen dangi cikin gari. Sannan ga ambaliyar kogi ta 2019 da ta 2022, wadda ta cinye gonakin tattasai da na shinkafa, ta rushe gidaje. Wanda ya rasa gonarsa bai rasa hannunsa na noma ba. Shukar da ke cikin tukunya kuwa, duk inda mai ita ya koma, yana iya ɗaukarta ya tafi da ita.

Wace irin shuka ce?

Alobera ba ta da kara mai tsawo. Ganyenta daga gindi yake fitowa, ya jeru a kewaye. Ganyen yana da kauri da tsini, yana da ƙananan ƙayoyi marasa ƙarfi a gefe biyu. Idan ta girma sosai, ganye ɗaya yakan kai tsawon kamu guda. Idan aka yanka shi, za a ga abu biyu a ciki. Akwai wani ruwa rawaya mai ɗaci da ke fitowa daga ƙarƙashin ɓawo. Akwai kuma tsoka fara mai yauƙi, mai kama da ta kuɓewa, a tsakiya. A riƙe wannan bambanci da kyau, domin za mu komo kansa. Farar tsokar ita ce ake so. Ruwan rawayan yana da haɗari.

Masana tsirrai sun nuna cewa asalinta daga ƙasar Larabawa ne, daga nan fatake suka bazu da ita cikin duniya. Larabawa suna kiranta sabir, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da kalmarsu ta haƙuri. Danginta sun fi iri 500, kuma mafi yawansu a Afirka suke. Ɗaya daga cikinsu tana fitowa da kanta a dajin kudu, inda ruwan sama ya fi namu yawa. Ita ce Hausawa ke kira zabuwa, saboda ɗige-ɗigen fari da ke jikin ganyenta, waɗansu kuma su ce kabar giwa. Ƴar'uwar alobera ce, amma ba ita ba ce, kuma ba a kanta muke magana ba. Alobera ma tana da ɗige-ɗige tana ƙarama, sai dai suna gushewa idan ta girma.

Abin da ya sa take jure fari shi ne, ganyenta randa ce. A ciki take ajiye ruwanta. Bayan haka, kowane ganye na kowace shuka yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwa yake fita. Tattasai yana buɗe nasa ƙofofin da rana, shi ya sa yake yaushi da azahar. Alobera kuwa tana rufe nata da rana, sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan ta buɗe. Da haka take tsimin ruwanta. A ƙasa irin tamu, inda ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 300 ba, wannan ba ƙaramar baiwa ba ce.

Tukunya da ƙasa

A nemi tukunyar ƙasa, ko da wadda ta tsage ce har ba ta riƙe ruwa. Ita ce ta fi dacewa, domin jikinta yana numfashi, kuma ba ta ɗaukar zafi da sauri. In babu, a yanka tsohuwar jarka biyu, a yi amfani da gindin. A guji gwangwanin ƙarfe. Ranar watan Afrilu da ta Mayu tana gasa shi, shi kuma ya dafa saiwar. Faɗin bakin tukunyar ya kai taƙi guda ko fiye da haka kaɗan. Saiwar alobera ba ta nutsawa ƙasa sosai, gefe take bi, don haka faɗi ya fi zurfi amfani.

Ko wace iri aka samu, dole a huda gindinta. A yi huda uku ko huɗu masu faɗin ɗan yatsa. Tukunyar da ba ta da huda kabarin alobera ce. A ɗora ta a kan duwatsu uku ko bulo, don ruwa ya sami hanyar fita, gara kuma ta rasa hanyar shiga.

Sai maganar ƙasa. A ƙasarmu iri biyu muka fi sani. Akwai baƙar laka ta fadamun Komadugu, wadda ake noman shinkafa a cikinta. Akwai rairayin tudu. Manomi zai ce baƙar ƙasa ta fi albarka, kuma gaskiyarsa in shinkafa zai shuka. Amma laka tana riƙe ruwa kwana da kwanaki, in ta bushe kuma ta yi tauri ta dare. Saiwar alobera ba ta jure ko ɗaya daga cikin biyun. Rairayin tudu shi kaɗai kuma ya yi laushi da yawa, ba shi da abinci. Saboda haka sai a haɗa: kwano 2 na yashi mai tsakuwa, kwano 1 na ƙasar lambu, rabin kwano na tsohon taki wanda ya ruɓe har ya koma kamar ƙasa. Kada a sa ɗanyen kashin dabbobi, yana ƙona saiwa, yana kiran gara. In akwai ɓarɓashin gawayi, a zuba tafi guda a gauraya.

Ga yadda za a gane ko haɗin ya yi. A jiƙa shi kaɗan, a dunƙula a hannu, a buɗe hannun. In ya warwatse, ya yi daidai. In ya tsaya dunƙule kamar curin fura, a ƙara yashi.

Yadda ake samun iri

Ba a shuka ƙwayar alobera kamar ta tattasai. Uwar ce take fitar da ƴaƴa a gindinta. Wanda yake da tukunya ɗaya bana, baɗi ko shekara mai bi mata zai ga ƙanana sun kewaye ta. Saboda haka ba lalle sai an saya ba. A roƙi maƙwabciya.

A bar ɗan ya kai tsawon tafin hannu, ya yi ganye 4 ko 5. A lokacin ya yi saiwarsa ta kansa. A tone ƙasar a hankali, a raba shi da uwar da wuƙa mai tsabta, a tabbata ya fito da saiwarsa. Daga nan sai abin da yake ba manoma mamaki: kada a dasa shi nan take. A ajiye shi a inuwa kwana 2 ko 3, har wurin da aka yanka ya bushe. Ba zai mutu ba, yana da guzurinsa a ganye. In aka binne ɗanyen rauni cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta nan ruɓa take shiga.

Wajen dashe, saiwa kaɗai ake binnewa. Gindin ganye ya tsaya a saman ƙasa. In yana faɗuwa, a tokare shi da ƙananan duwatsu. Kada a ba shi ruwa sai bayan mako guda. A bar shi a inuwa mai haske mako 2 ko 3 kafin a fara nuna masa rana. Yana iya yin duhu ko ya ɗan motse a wannan lokaci. Idan sabon ganye ya leƙo daga tsakiya, to ya kama.

Waɗansu sukan yanko ganye ɗaya su soka a ƙasa, suna jiran ya yi saiwa. Galibi ruɓewa yake yi. Kada a ɓata lokaci a kan haka.

An fi son a yi dashe a ƙarshen damina ko cikin sanyi. Tsakiyar bazara ta yi wa sabon dashe tsanani.

Ban ruwa

A nan ne mafi yawan mutane suke kashe ta, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Mutumin bakin Komadugu ya saba da tattasai, ya san in ya yi sakaci da ban ruwa ya yi hasarar shekara. Sai ya ɗauki wannan hali ya kawo wa alobera. Kullum safe ya zuba mata buta guda. Matar gida ma in ta wanke kwano ta watsa mata. Yaro in ya yi alwala ya juye mata saura. Bayan wata guda sai a ga ganyen ya yi laushi, ya yi rawaya, gindin ya yi baƙi yana wari. Mai wannan rubutu ma ta haka ya rasa tukunyarsa ta farko, yana tsammanin ƙishirwa ce ke damunta, yana ta ƙara mata ruwa.

Ga ƙa'ida mai sauƙi. Kafin ka ba ta ruwa, ka soka ɗan yatsanka cikin ƙasar har gaɓa biyu. In ka ji sanyi ko danshi, ka bar ta. In ka ji ta bushe ƙayau, ka zuba ruwa sosai har ya fito ta hudar gindi, sannan ka rabu da ita har ta sake bushewa. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ruwa kaɗan kullum. A bazara wannan yakan zama sau ɗaya a mako. A lokacin sanyi, sau ɗaya a mako 2 ko 3. Amma yatsanka ya fi lissafin kwanaki gaskiya, domin tukwane sun bambanta.

Da damina, musamman cikin watan Agusta, ba ta bukatar ruwan hannu. In ana ruwa a jere, a janye ta ƙarƙashin rumfa. Kada a ajiye ta inda indararo yake zuba. A zuba ruwa a kan ƙasa, kada a zuba a tsakiyar ganye inda zai kwanta. Da sassafe ko da yamma ya fi.

Akwai wata matsala ta ƙasar Manga. A wajejen Maine Sorowa da Gudumariya, da waɗansu wurare, akwai rijiyoyin da ruwansu yake da kanwa ko gishiri. Alobera tana jure kaɗan, amma a cikin tukunya gishirin taruwa yake yi. Alamarsa ita ce farin ɓawo a saman ƙasa da bakin tukunya, da bushewar tsinin ganye. In an ga haka, a kankare farin, a zuba ruwan daɗi mai yawa ya wanke ƙasar ya fita ta gindi. Ruwan sama da aka tara ya fi kowane. Ruwan wanki mai sabulu ko omo kuwa, kada a kai shi kusa da ita.

Idan an riga an cika mata ruwa, ba lalle ta mutu ba. A tumɓuke ta, a yanke duk saiwar da ta yi baƙi, a shanya ta a inuwa kwana 3, a sake dasa ta a busasshiyar ƙasa. In ruɓar ta kai tsakiyar gindi, sai a ceci ƴaƴan.

Rana da inuwa

Tana son haske ƙwarai, amma ranar Difa ta azahar ta fi ƙarfin wadda ke cikin tukunya. Wuri mafi kyau shi ne gabashin ɗaki ko gindin dogon yaro, inda hantsi zai same ta, inuwa kuma ta rufe ta da rana tsaka. Kada a jingina ta da katangar kwano.

Ganyen da kansa yana faɗin abin da ke damunsa. In ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, rana ta yi masa yawa, a matsar da shi inuwa, zai dawo kore. In ya yi tsawo ya sirance, ya yi fari-fari yana kwantawa, haske ya yi masa kaɗan. Haka take yi in an kulle ta a ɗaki mai duhu. Wanda yake son ta a cikin ɗaki ya ajiye ta bakin taga. In ganyen ya motse ya naɗe, ƙasa kuma a bushe, ƙishirwa ce. Da hunturu, ƙura takan rufe ganyen, a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Ba ta da yawan ƙwari. Wani lokaci akan ga waɗansu farare kamar auduga a maƙale tsakanin ganye, a goge su da tsumma. Kada a fesa mata maganin ƙwarin tattasai, tunda jikin mutum za ta taɓa. Kaji sun fi ƙwari ɓarna, domin suna tone ƙasar. A rufe saman tukunyar da tsakuwa. Taki kuwa, tafi guda na tsohon taki a farkon damina ya ishe ta shekara.

Amfaninta da iyakarsa

Lokacin sanyi lokacin ƙuna ne. Yara suna matsowa murhu jin ɗumi, ruwan shayi yana zubewa, kunu mai zafi yana kifewa. Farar tsokar alobera tana sanyaya ƙaramar ƙuna, wadda fata ta yi ja kawai ba ta buɗe ba. Tana kuma taimaka wa fatar da hunturu ya busar.

Amma a lura da kyau: ba ita ce farkon taimako ba. Farkon taimakon ƙuna shi ne ruwa. A zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Minti 20 yana da tsawo ga uwar da ɗanta ke kuka, amma ruwan ne yake fitar da zafin da ke ci gaba da cin naman a ciki. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a sa ƙwai, ko man goge haƙori, ko kananzir, ko kanwa, ko kashin shanu. Bayan ruwa ne, in ƙunar ƙarama ce, za a shafa alobera.

Akwai ƙunar da ba ta gida ba ce. In ta fi tafin hannun wanda ya ƙone faɗi, in ta yi manyan bororo, in fatar ta saɓule, ko ta yi fari, ko ta yi baƙi, in a fuska take, ko hannu, ko al'aura, ko a kan gaɓa, in jariri ne ya ƙone, to bayan ruwa a rufe da tsumma mai tsabta a tafi gidan likita ba tare da jinkiri ba. Kada a fasa bororo. Kada a sa alobera a buɗaɗɗen rauni mai zurfi ko gyambo.

Ga yadda ake cire tsokar. A bar shukar ta kai shekara 2 ko 3. A wanke hannu da wuƙa. A yanko ganye ɗaya daga na waje, mafi kauri, daga gindinsa. A tsayar da shi a cikin kwano, yankakken wurin yana ƙasa, minti 15, har ruwan rawayan nan ya tsiyaye. A zubar da shi inda yara ba za su taɓa ba. A wanke ganyen, a yanke ƙayoyin gefe, a fere ɓawon, a ɗauraye farar tsokar. Kafin a shafa da yawa, a gwada kaɗan a cikin damtse. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta, sai ta sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje. Wanda ya ga haka ya wanke ya bari. Tsokar ba ta daɗewa a zafin ƙasarmu, ta yau ta yau ce. Kada a yanke fiye da ganye 1 ko 2 a lokaci guda, don uwar ta sami abin rayuwa.

Yanzu mu komo kan ruwan rawayan. Yana sa zawo mai ƙarfi da murɗar ciki. Zawo yana zubar da ruwa da gishirin jiki, kuma mun san abin da wannan yake yi wa ƙaramin yaro. Yawan shansa yana iya taɓa ƙoda. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da shi a matsayin maganin wankin ciki da kowa zai saya a kanti. Mace mai ciki kada ta sha. Mai shayarwa kada ta sha. Kada a ba yaro. Akwai masu shafa abu mai ɗaci a nono don yaye, to kada a yi da wannan. Mai ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda, wanda yake shan maganin likita, kada ya haɗa da alobera sai ya tambayi likitansa, domin tana iya rikita aikin maganin.

A kasuwa za ku ji masu talla suna cewa tana warkar da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon hanta, da rashin haihuwa. Kada wanda aka ɗora a kan magani ya ajiye maganinsa saboda irin wannan magana. Ɗacin abu ba shi ne shaidar ƙarfinsa ba. A ganinmu, gara a ɗauke ta a matsayin abin shafawa kawai, a nan ne amfaninta ya fi bayyana, haɗarinta kuma ya fi ƙanƙanta. A ajiye tukunyar inda mai rarrafe ba zai kai hannu ba.

Bayan shekara 2 ko 3 za a ga tukunyar ta cika, ƴaƴa sun matse uwar, saiwa tana leƙowa ta huda. A fitar da su duka, a raba, a sabunta ƙasar, a mai da uwar. Ƴaƴan a dasa su a ƙananan tukwane. Ƙungiyar mata ko ajin yaƙi da jahilci suna iya farawa da tukunya ɗaya, duk wadda tata ta haihu ta ba wadda ba ta da ita. A rubuta ranar dashe a jikin tukunyar da gawayi ko alli, a rubuta kuma ranar da aka ba ta ruwa, don kada mutum biyu su shayar da ita a mako ɗaya.